Ruwa na tsada, bincike na yawa: ina amfanin ƙididdigar ga talaka?

ƊanDorayi:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Watan jiya uwargida ta ce kuɗin cefane ba sa kai mu ƙarshen wata, na ce to a ɗauko littafi a riƙa rubuta komai. Da muka tattara lissafi, sai ga kuɗin 'yan garuwa ya zo na uku, bayan hatsi da kuɗin makarantar yara. Ya wuce na wuta, ya wuce na gawayi. Alhali ga famfo nan a tsakar gida, shekara shida rabonsa da ɗiga, har yara sun mai da shi wurin shanya safa.

Abin da ya sa na kawo maganar nan shi ne, sau biyu ana zuwa unguwarmu da takardun tambayoyi. Daga ina kuke samun ruwa, minti nawa kuke ɗauka, jarka nawa a rana. An rubuta, an tafi, shiru kake ji. A rediyo kuwa kullum alƙaluma. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a 2022 mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki da dama, kuma rashin tsaftataccen ruwa na cikin abin da aka auna. Tun Nuwamban 2018 aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsafta. Duk mun ji. An gaji da gafara sa, ba a ga ƙaho ba. Ni dai a ganina binciken nan na masana tattalin arziki hanyar cin abinci ce kawai. Wanda ya san inda ƙididdiga ta taɓa kawo wa talaka ko bokiti ɗaya, ya faɗa mini.

Sarkin_Zolaya:
Wa alaikumus salam. Malam, kai ma ai binciken ka yi da littafin uwargida. Saura kawai ka nemi mai ɗaukar nauyi, a kira taro a otal.

Hajiya_Ummi_Kd:
Wallahi ka taɓo mini inda ke mini ƙaiƙayi. Mu a nan Rigasa kura guda ba ta kai mu kwana biyu, ranar wanki kuwa sai a hankali. Abin haushin, maƙwabciyar 'yar'uwata da ke unguwar masu hali ba ta san ma nawa ake sayar da jarka ba.

Baba_Mai_Ritaya:
Ɗana ƊanDorayi, ka yi tambaya, bari tsoho ya amsa. Ka san kurkunu? Wataƙila sai a labari. Mu mun gan shi da idonmu. Mutum ƙato, da damina, lokacin da gona ke neman sa, yana kwance ana naɗe tsutsa a jikin tsinke tana fitowa daga ƙafarsa kaɗan-kaɗan, wata ɗaya, wata biyu. Gari guda sai ya kwanta. Kowa ya san da ciwon, amma ba wanda ya san yawansa, don haka ba wanda ya ɗauke shi abin a-zo-a-gani a ma'aikatu.

A 1987 aka yi wani lissafi a yankin noman shinkafa na kudu maso gabas, aka ƙiyasta ana asarar shinkafar kusan dala miliyan 20 a shekara saboda manoma na kwance. Daga 1988 kuma aka bi ƙasar nan ƙauye-ƙauye aka ƙirga, aka samu mutum sama da 650,000. Jerin sunayen ƙauyukan nan shi ya nuna inda za a kai ƙyallen tace ruwa da inda za a haƙa burtsatse. Cibiyar Carter, ta tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, ta shigo, daga baya Janar Gowon da kansa ya riƙa bin ƙauyuka. Mutum na ƙarshe da ya kamu a 2008 ne, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya ta rabu da shi. Ka nemi bokiti ɗaya, ga shi na ba ka.

ƊanDorayi:
Allah ya ƙara girma, Baba. Wannan kam na karɓa. Amma ka lura, can ciwo ɗaya ne, maganinsa ɗaya. Namu na birni fa? Kowa ya san famfo ba ya kawowa, me kuma za a ƙirga?

Dakta_Rabi:
Malam ƊanDorayi, abin da za a ƙirga shi ne wanda ka riga ka ƙirga. Ina koyar da tattalin arziki, don haka ka iya cewa ina kare tukunyata ne, amma ka saurara.

Shekara da shekaru hujjar da ake bayarwa ita ce talaka ba zai iya biyan kuɗin ruwa ba, saboda haka a bar farashin famfo ƙasa-ƙasa. Sakamakon shi ne hukumar ruwa ba ta da kuɗin gyara ko faɗaɗa bututu, rangwamen kuma ya tafi ga masu famfo mai kawowa, waɗanda galibi ba su ne talakawan ba. A 1987 Dale Whittington da abokan aikinsa suka je Onitsha, suka tsaya a bakin burtsatse suna ƙirga tankoki, suka bi masu sayarwa, suka shiga gidaje. Abin da suka gano: kuɗin da mutanen gari ke ba masu sayar da ruwa a shekara ya ninka fiye da sau biyu abin da ake buƙata a tafiyar da tsarin famfo da kula da shi. Wato kuɗin na nan, ana biyan sa kullum, kawai ba ya bi ta inda zai gina komai. Littafin uwargidanka abin da yake faɗa ke nan, shekara talatin da wani abu bayan nan.

Ɗan_Garuwa_Asali:
Dakta, da girmamawa, kada a mai da mu mugayen labarin. Mahaifina da kura ya riƙe mu, ni ma na tura shekara huɗu kafin na samu aikin gadi. Ruwan nan saye muke yi a wajen mai burtsatse. In ba wuta ya tada janareta, ya ɗora mana kuɗin mai. Kurar haya ce, kullum da kuɗinta. Jarka goma sha biyu cike, ka tura a cikin yashi da rana tsaka, in taya ta fashe kai za ka liƙe. Abin da ke saura ba ya wuce na tuwo. Masu tambayoyin da Malam ke magana, ko sau ɗaya ba su taɓa tsayar da ɗan garuwa sun tambaye shi ba.

Dakta_Rabi:
Gaskiyarka, ɗan'uwa, kuma ban ce kuna cuta ba. Ɗaukar ruwa da ƙarfin mutum shi ne hanya mafi tsada ta kai shi gida, tsadar ba ta shiga aljihunku. Wannan da ka zayyano, kuɗin haya da mai da liƙi, shi ne rabin lissafin da ya kamata a ce yana cikin kowane rahoto.

Masunci_Nguru:
Ku 'yan birni kuna kukan jarka. Bari in ba ku labarin inda aka yi binciken, aka gama, aka buga, sannan aka ajiye shi.

Ni ɗan Nguru ne, gidanmu masunta ne kaka da kakanni. Kogin Haɗeja da na Jama'are in sun cika da damina sai su malala a fadamun da ke tsakanin Haɗeja, Nguru da Gashuwa. Ruwan nan shi ne komai namu. In ya zo a shuka shinkafa, kifi ya hayayyafa a cikin ciyawa. In ya fara janyewa a bi danshin da wake da sauran amfani, ba taki, ba inji. In rani ya yi Fulani su sauko da shanu. Rijiyoyinmu ma daga wannan ambaliyar suke sha. Kakana kan ce shekarar da ruwa bai malala ba, ko an yi damina mai kyau a tudu, a gidanmu fari ne.

Sai aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992. Filin da ruwa ke rufewa ya ragu da fiye da rabi. Lokacin da aka tsara dam ɗin nan, an lissafa alkama da tumatir da za a noma a sama. Ba wanda ya lissafa kifin kakana, domin ba ya shiga takardar gwamnati, a bakin ruwa ake cinikinsa, a ƙyafe shi, a kai kasuwa.

Daga baya wani masanin tattalin arziki, Edward Barbier, da abokan aikinsa suka zo suka sa wa abin namu farashi: noman fadama, kamun kifi, da itacen girki. Suka kwatanta abin da kowane ma'aunin ruwa ke samarwa in an bar shi ya malala, da abin da yake samarwa in an tare shi an yi noman rani a aikin Kogin Kano. Na fadama ya fi, nesa ba kusa ba. A wani aikin da ya fito a 1998 shi da Julian Thompson sun nuna cewa ribar manyan ayyukan ban-ruwa na sama, ko a lissafi mafi kyau, ba ta maye fiye da kusan kashi 17 cikin 100 na asarar da ake yi a ƙasa. Kuma ba su sa kiwo a ciki ba. To Malam ƊanDorayi, ni ina tsakiya. Binciken gaskiya ya faɗa, amma ga mu nan.

ManomiKura:
Haba Masunci. Ka zo Kura da Kadawa da Garun Malam ka gani da idonka, gani ya kori ji. Kafin Tiga, in aka yi girbi matasanmu ci-rani suke tafiya. Yanzu sau biyu, wani sau uku muke noma a shekara. Shinkafar da ake gyarawa a Kura kaɗai, ka san mata nawa ke cin abinci da turara ta? Tumatirin da ke tafiya Legas fa? Bature ya zo ya yi lissafinsa a 1990 da wani abu, lokacin alkama ake ta fama da ita ana asara. Ya dawo yau ya sake.

Kuma ruwan da Kano ke sha, na Tamburawa da Challawa, daga ina yake zuwa da rani in ba dam?

Masunci_Nguru:
Ruwan da Kano ke sha? Ka koma sama ka karanta saƙon farko, famfon Malam wurin shanya safa ne.

Sarkin_Zolaya:
An yi walƙiya.

ManomiKura:
Wannan matsalar bututu ce da wuta, ba ta dam ba. Kada ka haɗa.

InjiniyaBashir:
Ku biyun kowa na da rabin gaskiya. Masunci, ba dam kaɗai ya rage ambaliya ba. Tiga ta zo daidai da farin 1973, ga kuma na 1983 da 1984. Ruwan sama da kansa ya ragu a shekarun nan, sai abu biyu suka haɗu. ManomiKura kuma, maganarka cewa lissafin ya tsufa tana da tushe, amfanin gona ya canza, farashi ya canza, mutane sun ninka. Amma tsufan lissafi dalili ne na sake shi, ba na watsar da shi ba.

Abin da mutane ba su sani ba, Barbier bai ce a rushe dam ba. Shawararsu ita ce a riƙa sakin ruwa da gangan a lokacin damina, a kwaikwayi ambaliyar da aka saba, ta yadda za a rage asarar ƙasa ba tare da an kashe noman sama ba. Abin da aka fi yi shi ne akasin haka, ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara. Kogin da ya saba bushewa da rani ya daina bushewa, kachala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ta samu wurin zama.

Masunci_Nguru:
Yawwa Injiniya, ka zo wurin. Kachala ita ce ta ƙarasa mu. Ta toshe hanyoyin ruwa, wani gari ya nutse, wani ya bushe. Kwalekwale ba ya ratsa ta, ka jefa taru ya maƙale. Tsuntsayen jan-baki kuma a cikinta suke kwana, da safe su sauka a gonar shinkafa. Na taɓa shiga aikin gayya na yanke ta, ruwa iya ƙirji, lauje a hannu, matsattsaku na manne maka a ƙafa. Bayan wata uku ta dawo kamar ba a taɓa ba.

Baba_Mai_Ritaya:
Amma kada a ce binciken bai yi komai ba. Madatsar Kafin Zaki da aka so ginawa a kan kogin Jama'are a Bauchi, har yau ba a kammala ta ba. Akwai dalilin kuɗi, akwai siyasa, amma duk lokacin da aka tado da maganar, mutanen Yobe da Borno da alƙaluman nan suke kare kansu. A da sai dai su ce za a cuce mu, yanzu suna iya cewa ga yawan cutar. A 2006 ma gwamnonin jihohi shida da ke cin moriyar kogunan suka haɗu a Damaturu suka amince da kafa asusun kula da su. Ko asusun ya yi abin da ake fata, wannan wata magana ce. Mu da muka ga abin da ya faru a Bakolori a 1980, inda manoma suka fito kan filayensu aka buɗe musu wuta, mun san gara a yi faɗa da takarda.

Dan_Bauchi_Ningi:
Baba, a gafarce ni, mu a Bauchi ba haka muke kallon ta ba. Kano ta yi dam biyu manya ba wanda ya hana ta. Da aka zo kanmu sai aka tuna da lissafi. Ashe ƙididdigar ma tana da wanda take jin tsoro.

Baba_Mai_Ritaya:
Ɗana, wannan ba ni da amsarta.

Nas_Maryam:
Ku bar ni in dawo da ku gida, domin duk wannan na dam ne, ni kuma yara nake gani. A 2021 kwalara ta kama mutum sama da dubu ɗari a ƙasar nan, sama da 3,500 suka rasu, kuma arewa ce ta fi jin jiki. Na yi aiki a tantin masu amai da gudawa a shekarar. Gadon da aka huda tsakiyarsa, bokiti a ƙasa, yaro ya zo idanu sun faɗa, fatar ciki in ka ja ta ba ta komawa. Ka tambayi uwar ina suke ɗiban ruwa, ta ce burtsatse, mai kyau. Kuma gaskiya take faɗa. A randa yake lalacewa, moɗa ɗaya kowa na tsomawa da hannunsa.

Dakta, na taɓa jin an yi bincike a kan wannan a Kenya, ko za ki fayyace?

Dakta_Rabi:
An yi, 'yar'uwa, kuma yana cikin waɗanda nake so. Michael Kremer, wanda ya samu kyautar Nobel a 2019 tare da Esther Duflo da Abhijit Banerjee, shi da abokan aikinsa ne suka yi a yammacin Kenya. Yadda ake gwada magani haka suka yi: aka jefa ƙuri'a, wasu maɓuɓɓugai aka gina musu siminti da bututu da wuri, wasu sai daga baya, aka kwatanta. A bakin maɓuɓɓuga ƙwayoyin cuta sun ragu da kusan kashi biyu cikin uku, gudawar yara ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Amma da aka auna ruwan da ke cikin gida, gyaran bai kai haka ba. Abin da kika gani a randa ke nan.

Sai suka koma kan kulorin, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, domin shi yana ci gaba da aiki a cikin jarka. Yana nan a shago da arha, amma 'yan ƙalilan ke saye. Da aka kafa ɗan tanki a bakin wurin ɗiban ruwa, kyauta, ki murɗa sau ɗaya ya ɗigo daidai na jarka guda, aka kuma naɗa mutumin gari mai tunatarwa, sai fiye da rabin gidaje suka riƙa amfani da shi. An faɗaɗa wannan a Kenya da Yuganda da Malawi ga miliyoyin mutane. Daga baya Kremer ya tattara gwaje-gwaje da dama wuri ɗaya, ya samu cewa tsaftace ruwan sha na rage mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Hajiya_Ummi_Kd:
Dakta, a Kenya ke nan. Ni na taɓa sayen WaterGuard, wato kulorin na kwalba, maigida ya kurɓa ya ce ruwan na warin asibiti, ya hana. Sannan ki kafa tanki a bakin rijiya ki ce a ɗiga wani abu a ruwa, a garuruwanmu? Kin manta abin da ya faru da rigakafin shan-inna a 2003? Kafin la'asar an ce maganin hana haihuwa ne.

Nas_Maryam:
Hajiya, warin nan yawanci an zuba ya wuce kima ne, ko ba a jira rabin awa ba. Amma maganar jita-jita gaskiya ce. Sai an bi ta limamai da masu unguwanni, su fara sha a gaban jama'a.

Dakta_Rabi:
Hajiya ta faɗi abin da mu malamai kan manta. Sakamakon Kenya ba wahayi ba ne, abin da ya nuna shi ne a gwada a nan, a auna, kafin a kashe biliyoyi.

Issoufou_Damagaram:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Ina biye da ku tun ɗazu. Mu a Damagaram wahalar ruwa ba baƙuwa ba ce, garin a kan dutse yake, bido ashirin-ashirin a amalanken jaki shi ne adon titi da rani. Amma ina so in ba Malam ƊanDorayi misali daga karkara.

Akwai abin da muke kira rabin wata. A ƙasar da ta mutu ta yi fako, sai a haƙa rami mai siffar rabin wata, bakinsa na kallon inda ruwa ke gangarowa, a tara ƙasar a baya. Ruwan sama maimakon ya gudu sai ya tsaya ya nutse, a zuba taki a shuka hatsi. An daɗe ana cewa manoma ba su yi don ba su da kuɗin ƙwadago. Jenny Aker da Kelsey Jack suka gwada a ƙauyukan jihar nan: wasu aka ba su horo kawai, wasu horo da kuɗi. Horon kaɗai ya sa kusan kowa ya haƙa, ƙarin kuɗin bai ƙara yawan masu yi ba. Ashe abin da ya hana mutane shi ne sanin yadda ake aunawa da jerawa. Ka ga da ba a gwada ba, da furoje, wato shirin masu ba da tallafi, ya ci gaba da rabon kuɗi yana cewa shi ne magani.

Sarkin_Zolaya:
Malam Issoufou, don Allah kada masu furoje su ji wannan. Kuɗin ma da ake ɗan rabawa za su janye.

Issoufou_Damagaram:
Ai ka makara, sun riga mu karantawa.

Comrade_Auwal:
Ni duk wannan lissafin tsoro yake ba ni. Daga "talaka na iya biya" sai a wuce zuwa "a sayar da hukumar ruwa". Mun ga yadda aka yi da wuta. A Cochabamba ta Bolibiya, a 1999, aka miƙa ruwa ga kamfani, kuɗi ya yi tashin gwauron zabo, a 2000 jama'a suka fito titi har aka rasa rai kafin a soke yarjejeniyar. Ruwa haƙƙi ne, Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta amince da haka a 2010. Ba haja ba ne.

Dakta_Rabi:
Kwamared, Cochabamba ta faru, ba musu. Amma a Ajantina, inda aka miƙa ruwan garuruwa da dama ga kamfanoni a shekarun 1990, Galiani da Gertler da Schargrodsky sun samu mutuwar yara ta ragu da kusan kashi 8 cikin 100, a unguwannin da suka fi talauci kuma kusan kashi 26, saboda bututu ya kai inda bai taɓa kaiwa ba. Duk da haka daga baya gwamnati ta karɓe na Buenos Aires a 2006. Ni ba na goyon bayan sayarwa ko ƙin sayarwa a dunƙule. Kuma ka duba da kyau, ruwan Dorayi da Rigasa an riga an sayar da shi. Mai burtsatse ne kamfanin, ba mai duba farashinsa, ba mai auna tsaftar ruwansa.

Comrade_Auwal:
Mai burtsatse maƙwabcina ne, ina iya zuwa in yi masa magana, ranar suna ma kyauta yake ba mu. Kamfani fa, wa zan gani?

InjiniyaBashir:
Tunda an zo kan burtsatse. Babbar ɓarnar da nake gani a aikina ba rashin haƙawa ba ce. Kowane ɗan siyasa na son haƙa sabuwa, domin ana yanka ƙyalle a ɗauki hoto. Ba mai ɗaukar hoto da canza roba. Na je wani ƙauye, tuƙa-tuƙa uku a jere, kowanne da allon wanda ya bayar, duka a mace, mata na wuce su zuwa kududdufi. Na kwance ɗaya, abin da ya lalace bai kai kuɗin buhun siminti ba. Bincike daban-daban a Afirka na nuna tsakanin ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku na irin waɗannan famfunan ba sa aiki a kowane lokaci.

Masu bincike daga jami'ar Oxford sun gwada wani abu a Kenya: suka sa 'yar na'ura a hannun famfo mai aika saƙo ta layin waya, in motsi ya tsaya makanike ya sani. Gyaran da kan ɗauki kusan wata guda ya dawo ƙasa da kwana uku. Na'urar ba ita ce sirrin ba, sirrin shi ne akwai makanike mai albashi da kayan gyara a ajiye, jama'a na biyan ɗan abu duk wata. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Hajiya_Ummi_Kd:
Akwai abin da har yanzu ba wanda ya ambata, sai ni da abin ya shafa. Lokaci. 'Yata ta biyu sau nawa tana makara a makaranta saboda layin ruwa, har malaminsu ya san ta da haka. Maza in kuna lissafi kuɗin jarka kuke gani.

Dakta_Rabi:
Hajiya, akwai aikin da Duflo da wasu suka yi a Tanja ta Maroko da zai yi miki daɗi. Kamfanin ruwa na ba da bashin jan famfo zuwa gida ba tare da ɗora riba a kan bashin ba, amma cike takardu ya hana mutane. Da aka bi wasu gidaje aka taya su cikewa, kashi 69 cikin 100 suka ja, a sauran gidajen kashi 10 kawai. Abin mamakin, lafiya ba ta canza ba, domin famfon unguwa dama mai tsafta ne, kuɗin shiga ma bai ƙaru ba. Abin da ya ƙaru shi ne hutu da zumunci, rigima da maƙwabta a kan ruwa ta ragu, mutane suka ce sun fi jin daɗin rayuwa. Kuma sun yarda suna biyan bashin a kan haka.

Hajiya_Ummi_Kd:
To ai ni ma zan biya. Faɗan layi kaɗai ya raba ni da mata biyu a unguwar nan.

ƊanDorayi:
Na karanta duka, har na rasa jam'in isha'i, Allah ya yafe. Na janye kalmar "hanyar cin abinci", Dakta ki yi haƙuri, Baba ma ya ba ni bokitina. Amma ban sauka gaba ɗaya ba. Na lura duk inda abin ya yi aiki, akwai wanda ya riga ya yi niyyar yi, lissafin hanya kawai ya nuna masa. Inda ba niyya, ga Masunci nan da takardarsa ta 1998 da kachala iya wuya. Kuma har yanzu ba wanda ya gaya mini inda amsoshin da na bayar sau biyu suka tafi.

InjiniyaBashir:
Idan na gwamnati ne, wataƙila WASHNORM ne, binciken ruwa da tsafta wanda ma'aikatar ruwa ta tarayya ke yi da Hukumar Ƙididdiga da UNICEF. Rahoton na intanet, jiha-jiha. Sai dai da Turanci ne, shafi ɗaruruwa, kuma ba za ka ga unguwarku a ciki ba.

Masunci_Nguru:
Mu ma sai da na shiga jami'a na san an taɓa rubuta wani abu a kan kifin gidanmu. Kakana ya rasu bai ji ba.

ƊanDorayi:
To ga abin da zan yi. Mu goma sha huɗu ne a layinmu. Zan roƙi kowane gida ya rubuta jarka nawa ya saya da nawa ya biya, na wata ɗaya, mu haɗa mu ga ko ya kai kuɗin sola da tanki. Dakta, me da me ya kamata mu rubuta don kada a ce lissafin 'yan koyo ne?

Dakta_Rabi:
Kwanan wata, yawan jarka, farashi, daga wace burtsatse, mutum nawa ne a gidan, da ko akwai wuta ranar. A ba matan gida littafin, su suka san gaskiyar adadin. A ƙara layi ɗaya na wanda ya je ɗiba da minti nawa ya yi, saboda Hajiya. Kuma ku maimaita a watan Afrilu, lissafin damina zai ruɗe ku.

Ɗan_Garuwa_Asali:
In kun kafa solar, yaran da ke kawo muku ruwa yanzu su nawa ne? A sa su a littafin su ma.

ƊanDorayi:
Su uku ne. Ɗaya ma Sakkwato ya baro iyalinsa. Ban yi tunanin wannan ba wallahi.

ManomiKura:
Masunci, in ka shigo Kano ka neme ni in kai ka Kadawa. Ka taho da bandar tarwaɗa, in ba ka shinkafa.

Masunci_Nguru:
Ka fara sako mana ruwan a watan Agusta, sai a samu tarwaɗar.